Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ta Tafi da Kalmar Sirrinmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba mu da ikon sakewa, ni kafinta mai shagon da ke manne da na mai walda, a madadin iyalina da abokan aikina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu ba mu aiki rasuwar kwamfutarmu, wadda kowa a shago ya sani da Dattijuwa. Ta cika ne da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinya, cajarta na jone a jikinta.

Kafin in ci gaba, ina roƙon a riƙe abu ɗaya da kyau, domin an sha samun ruɗani a 'yan kwanakin nan: ita ce ta rasu, ba ni ba. Ni ina nan da raina da lafiyata, ina ci ina sha. Dalilin wannan bayani zai fito a gaba.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne da shekarunta. Ƙanin matata, wanda muke kira Injiniya, shi ya kawo ta a jaka, ya ce zamani ya wuce a zauna a bakin shago ana jiran mai son gado ya biyo ta titi. Ya ɗauki hotunan gadaje da kujeru da teburan da na yi, ya buɗe mana shafi a intanet, ya kama mana hayar wuri a wajen wani kamfani da ke ajiye shafukan mutane. Ya yi mini bayani cewa shafi ƙofa biyu gare shi. Akwai ta gaba, wadda duk duniya ke gani. Akwai kuma ta baya, inda mai shafi kaɗai yake shiga ya sa hoto, ya cire hoto, ya gyara rubutu, ya karanta saƙonnin masu son aiki. Ita wannan ta bayan ba ta buɗuwa sai da sunan shiga da kalmar sirri.

Ina tsaye a kansa ya rubuta su, da saurin da idona bai iya bi ba. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a tuna da su. Injiniya ya danna e.

Na ce, "Ba za ka faɗa mini in haddace ba?"

Ya ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Ita za ta riƙe maka."

Ta kuwa riƙe. Duk wanda ya zauna da Dattijuwa zai shaide ta da amana. Shekara da shekaru, da zarar na buɗe ƙofar baya sai in tarar ta riga ta cike mini gurbin da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a jere, ni dai nawa in danna in shiga. Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ke ƙarƙashin ɗige-ɗigen nan ba. Ba ta faɗa wa matata ba, ba ta faɗa wa mai fentinmu ba, ni kaina da nake biya mata wuta ba ta faɗa mini ba. A lokacin muna yaba mata wannan hali.

Mai haƙuri ce. Ta zauna a shagon da garin katako yake shiga har cikin kunnen mutum, ba ta taɓa neman a sauya mata wuri ba. An zubar mata da shayi, ta shanye. An ɗora ta a kan katakon da aka shafa wa gam don ta danne shi ya kama, ta danne. Batirinta ya riga ta tafiya da daɗewa, saboda haka a kan waya take rayuwa, duk wanda ya yi tuntuɓe da wayar sai ta ɗauke nan take, a sake kunna ta kuma ta dawo ba tare da riƙon kowa a zuciya ba. Kyanwar shago ma a gefenta take kwana, saboda ɗumin da take fitarwa kyauta.

Ba ta da gaggawa. Idan na kunna ta da safe, sai in je in goge katako ɗaya, in gaisa da mai walda, in dawo in tarar tana shirin buɗe ido. Har yanzu ina jin muryarta. Da farko fankarta ta ja dogon numfashi, fuuuu. Sai wani ɗan kaki daga ciki, ƙarrr, ƙarrr. Sai ta yi shiru har ka fara fidda rai, sannan ta ce tin-din, kamar mai sallama daga nesa. Mai fenti yakan ce da ya ji tin-din ɗin nan ya san gari ya waye.

Jarrabawarmu ta fara ne da ciwona. Ɗaukar katako ya jawo mini ƙaba, likita ya ce sai an yi aiki. Ba wani babban aiki ba ne, amma matata mace ce mai son a yi komai a kan tsari. Don kada masu aiki su yi ta aiko da saƙo ba amsa, sai ta zauna a gaban Dattijuwa, Dattijuwa ta buɗe mata ƙofar baya kamar yadda ta saba, ta rubuta a saman shafinmu da manyan baƙaƙe:

"An kwantar da maigida a asibiti. Mun dakatar da karɓar aiki har sai abin da hali ya yi. A taya mu da addu'a."

Ta haɗa da hotona, wanda ta ɗauka ina fitowa daga ɗakin tiyata, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, robar ƙarin ruwa a hannu. A kan gadon ƙarfe kuma, ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutane illar gadon ƙarfe.

Allah ya ba ni lafiya, aka sallame ni, na huta a gida, na koma shago da niyyar abu na farko da zan yi shi ne in cire wannan sanarwa. Na kunna Dattijuwa. Ta ce fuuuu. Ta ce ƙarrr. Na jira tin-din, bai zo ba. Maimakonsa sai wani kuka siriri, ƙit, ƙit, ƙit, da wari kamar na robar da ta taɓa wuta.

Na rungume ta zuwa wajen mai gyara. Da ya kwance bayanta, garin katakon da ya zubo ya isa a cika matashin kai. Ya daɗe yana dubawa, ya hura nan, ya goge can, ya sa mata fanka ta aro. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce zai iya tayar da ita, amma ba ya jin za ta daɗe, don haka duk abin da nake so a wajenta in karɓa da wuri.

Ta farfaɗo. Ta ce tin-din da wata murya ƙasa-ƙasa da ta sa na kau da kai. Na je ƙofar baya da sauri, sai shafin ya ƙi buɗuwa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, ya juya, ya juya, sannan aka rubuta cewa an samu matsala. Na sake, haka. Na sake, haka.

Sai na nemi kamfanin ta wayata, a wurin da suka ware don taimakon abokan hulɗa. Wanda ya amsa mini, ko mutum ne ko inji har yau ban sani ba, ya ce ya fahimci damuwata ƙwarai. Ya ce abu ne mai sauƙi, tarkacen da kwamfutar ta tara ne ya toshe hanya, in shiga wuri kaza in share. Na shiga. Na tarar da ƙananan akwatuna a jere, wasu da alama, wasu babu. Ni kuma tun ina koyon sana'a aka hore ni cewa ba a share rabin shago. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa wa kowanne alama, har da na can ƙasa wanda ban tsaya karantawa ba, na danna.

Gaskiyar mai taimakon ce, hanya ta buɗe. Ƙofar baya ta fito tsaf, da kyau, da sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Gurbin suna fari fat. Gurbin kalmar sirri fari fat. Ɗige-ɗigen sun tafi.

Mai gyara ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Maigida, har da na ƙasan ka taɓa?"

Na ce, "Har da shi."

Ya mayar da tabaransa. Dattijuwa ta ɗan jima tana kallona da wannan farin gurbin, fankar aro tana juyawa a hankali. Sannan ta ce fuuu, gajere, allon ya yi baƙi. Mai gyara ya yi duk abin da ake yi. Ba ta sake tashi ba.

Abin da ya biyo baya na rubuta shi ne don masu irin wannan dattijuwa a gida su ji, su kuma tambaye ta abin da ya kamata tun tana iya magana.

Na ari kwamfutar mai gyara na kai shago, na fara gwada kalmomin da nake zato. Sunan shago. Sunan shago da lamba. Sunan Injiniya. Lambar wayata, ta gaba da ta baya. Kowanne sai a mayar mini da jan rubutu. Can sai kamfanin ya fara shakkar ko ni mutum ne, ya jero mini hotuna ya ce in nuna waɗanda ke da keke a ciki. Ni da likita ya yanka ya ga jini, na zauna ina rantse wa inji da kekuna, kuma na faɗi. Bayan haka aka sanar da ni cewa an ga yunƙurin ɓarawo, don kare mai shafin an toshe hanyar shagonmu gaba ɗaya.

Washegari na nemi shafin ta gaba, shi ma bai buɗu ba. Na yi murna, na ce ko banza sanarwar ta sauka. Na fita na gaya wa mai walda. Ya ciro wayarsa ya danna, ya juyo mini da ita. Ga ni nan kwance, baki a buɗe. Ashe duk duniya na ganina, ni kaɗai aka hana.

Da aka buɗe mana hanya bayan 'yan kwanaki, sai na danna wurin da aka tanada don wanda ya manta. Nan take aka ce in kwantar da hankalina, an aika mini da hanyar sabunta kalmar sirri zuwa imel ɗina. Na tambaya wane imel. Aka nuna mini: na shago, wanda ba a karanta shi sai an shiga ta ƙofar baya. Na yi wa mai taimakon bayani cewa ya kulle ni a waje ya kuma tura mini makullin ta ƙarƙashin ƙofa zuwa ciki. Ya ce ya fahimci damuwata ƙwarai.

Sai ya ce akwai wata hanyar, tambayar sirri. Tambayar ta fito: wane abu ka fi so a duniya? Aka yi rashin sa'a matata ta kawo mini abinci a daidai lokacin, tana tsaye a bayana. Na rubuta sunanta. Jan rubutu.

Ta ce, "Sake dai, Baban yara. Ƙila harafi ka tsallake."

Na sake, a hankali, tana bin yatsana da ido. Jan rubutu. Na sa sunayen yara, daga babba har auta. Na sa na mahaifiyata. Ta ajiye kwanon a kan benci da wata irin natsuwa da ban so ba. Allah ya taimake ni na tuna cewa ba ni na amsa tambayar nan ba tun asali, ƙaninta ne.

Muka kira Injiniya, wanda aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Kalmar sirri dai ya ce ya manta ta tun ranar da ya rubuta, ai shi ya sa ya bar wa kwamfuta. Layin wayar da ya yi rajista da shi kuma ya ɓace tare da wata tsohuwar waya.

Na ce, "To, wane abu ka fi so a duniya?"

Ya rage murya ya ce, "A wace shekara, Yaya?"

Yayarsa ta karɓe wayar ta ce, "Shekarar da ka buɗe shafin, mana!"

Ya ce, "Lokacin ban yi aure ba. Kuma matata tana kusa. Zan kira ku."

Ya kira daga baya, daga cikin mota, ya ba mu sunaye har sai da yayarsa ta riƙe baki. Babu wanda ya buɗe ƙofar.

Hanya ta ƙarshe ita ce in aika da katin shaida mai ɗauke da sunan mai shafin. Na aika da nawa. Aka ce bai dace ba. Ashe ranar rajista, don ya faranta mini, Injiniya ya rubuta sunan mai shafi Sarkin Kafintoci. Kamfanin yana jiran kati mai wannan suna, da hoto, da hatimin hukuma. Na tambaya ko za su taimaka su rufe shafin kawai, kowa ya huta. Suka ce mai shafi kaɗai ke da wannan iko. Na ce to yaushe hayar za ta ƙare ya mutu don kansa? Suka taya ni murna, suka ce ina cikin abokan hulɗarsu masu hangen nesa, waɗanda suka biya na shekaru masu yawa a gaba don samun rangwame.

Sanarwar kuwa tana ta aikinta. Waya ta daina ƙara sai ta masu tambayar jiki. Shugabar wata makaranta, wadda ta yi mini alkawarin teburan ɗalibai har na sayi katako na jibge, ta ga hoton ta tausaya, ta ce ba za ta ɗora wa mara lafiya nauyi ba. Ta kai aikin wajen abokin sana'ata na tsallaken titi, ni kuma ta aiko mini da kwandon lemo da fatan samun sauƙi. Shi abokin sana'ar tawa, Allah ya saka masa, bai taɓa faɗin ƙarya a kaina ba. Duk wanda ya tambaye shi ni, sai ya buɗe shafin a wayarsa ya nuna, ya girgiza kai, ya ce a dai ci gaba da addu'a. Mai fentinmu, da iyali a wuyansa, ya fara zuwa can yin aikin yini, yana dawowa ta bayan layi don kada mu haɗa ido. Ban ga laifinsa ba.

Mun buɗe sabon shafi da sabon suna, da hotona a tsaye ina murmushi. Amma duk wanda ya nemi shagonmu a intanet, tsohon ne yake fara fitowa, saboda ya fi daɗewa kuma an fi ziyartarsa.

Sai kuma mahaifiyata. Mun ɓoye mata zancen aikin tun farko don kada hankalinta ya tashi. Wata maƙwabciyarta ta nuna mata hoton. Tsohuwar da ko kasuwa ba ta zuwa sai an riƙe ta, ta hau mota ita kaɗai ta yi tafiyar yini guda. Ina tsakiyar yanka katako na ga mutum a bakin ƙofa da ƙullin kaya, fuska duk hawaye. Ta daɗe tana kallona. Ta zo ta shafa fuskata, ta taɓa hannuna inda robar take a hoton.

Ta ce, "Me kake yi a tsaye?"

Na ce, "Inna, ai na warke tun tuni."

Ta ce, "Wanda ya warke ba a barin hotonsa a gadon asibiti duniya tana kallo. Ni za a ɓoye wa? Ajiye zarton nan."

Na yi mata bayanin ƙofar baya, da ɗige-ɗige, da kekuna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ta ce wa matata wai zazzaɓi ya taɓa mini kai. Tun daga ranar ta sa aka ajiye mata kujera a bakin shago. Ta ce ba za ta koma ba sai ranar da aka cire hoton, don ranar ce za ta yarda. Ba na ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi. Rabon da in zauna da ita haka, muna hira tun safe har yamma, tun kafin in yi aure, kuma ba zan ce ban ji daɗin wannan ɓangaren ba.

Marigayiya Dattijuwa ta rasu ta bar caja ɗaya naɗe da salatif, da jaka mai mataccen zif, da firinta wadda tun ranar ba ta sake cewa uffan ba, da kyanwa da ke zagaya gurbinta a kan tebur. Ta kuma bar ɗa guda tilo, wato tsohon shafinmu, maraya, wanda yake can yana nema mini addu'a da zuciya ɗaya, ba kuma wanda ya isa ya gaya masa ya daina. Iyalai suna godiya ga mai gyara bisa ƙoƙarinsa, da mai walda da ya rufe shago ya raka mu ɗauko ta, da mai taimakon kamfani, wanda ya fahimci damuwarmu tun daga farko har ƙarshe.

Bisa shawarar iyali, an ba da allonta da madannanta sadaka ga wasu 'yan'uwanta marasa lafiya da ke kwance a shagon mai gyara. Abin da ya rage an yi masa akwati na katako mai kyau, wanda mai fenti ya haɗa, ni kuma aka yarda in goge shi daga zaune. Mai gyara ya hana a sa ta a ƙasa, ya ce cikinta akwai abin da ke ɓata ƙasa, don haka za a ɗora ta a saman kantar ajiye kaya, can kusa da rufi, inda garin katako zai ci gaba da ziyartarta. Za a yi wannan ranar Asabar da hantsi, a shago, kuma za a zauna karɓar gaisuwa har la'asar.

Ana roƙon masu zuwa kada su kawo lemo, akwai. Kada kuma kowa ya tambaya ko mun gwada danna wurin wanda ya manta, ko mun gwada kashewa mu kunna. Iyalai ba su da ƙarfin amsa wannan a halin da suke ciki.

Inna ce za ta karɓi baƙi a bakin ƙofa, ni ina daga ciki a kan benci, da bargo a ƙafa. Duk wanda yake da aikin gado, ko tebur, ko kujera, don Allah kada ya ambata a gabanta. Ya ƙaraso ya riƙe hannuna, ya yi mini ta'aziyya da ƙarfi yadda za ta ji, sannan ya sunkuyo ya raɗa mini tsawo da faɗi a kunne.